Abdurrahman Ɗan Sarkin Futa Jallo: Shekara 40 Cikin Bauta A Misisipi

A tarihin Jihar Misisipi ta kudancin Amurka, da wuya a sami bawan da maganarsa ta kai fadar shugaban ƙasa kamar Abdurrahman Ibrahim Sori. An haife shi wajajen 1762, ɗa ne ga Almami Ibrahim Sori mai mulkin Futa Jallo, a ƙasar Gini ta yanzu. Ya yi karatun Alƙur'ani da Larabci, kana ya zama ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙan mahaifinsa.

A 1788 abokan gaba suka yi masa kwanton ɓauna, suka sayar da shi ga Turawa masu fataucin bayi. Da aka ƙetare teku da shi, wani manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi a garin Natchez, bakin kogin Misisipi. A gandun wannan mutum ya yi bauta, ya auri wata baiwa Isabella, suka haifi 'ya'ya tara.

A 1807 ya yi kiciɓis da Dakta John Cox, likitan da ya taɓa jinya a gidan mahaifinsa a Timbo. Likitan ya shaida asalinsa, ya nemi fansarsa, amma Foster ya ƙi.

Abin da kuɗi ya kasa, alƙalami ya yi. A 1826 ya rubuta wasiƙa da Larabci, wani ɗan jarida Andrew Marschalk ya miƙa ta ga hukuma, har ta isa hannun Sarkin Maroko, wanda ya nemi a sake shi. Gwamnatin Shugaba John Quincy Adams ta sa baki, aka 'yanta shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen Natchez suka tara dala 200 aka fanshi matarsa, amma 'ya'yansu suka rage a hannun Foster.

Dattijon ya zaga biranen arewacin Amurka yana neman taimakon fansarsu, kuɗin bai kai ba. A 1829 ya tashi zuwa Laberiya tare da matarsa, inda zazzaɓi ya kama shi. Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuli na shekarar, bai sake ganin Futa Jallo ba.

A 1830 kuɗin da ya tara suka fanshi 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, suka iske mahaifiyarsu a Monrobiya. Sauran zuriyarsa kuwa suka ci gaba da zama cikin bauta a Amurka.