MALAM ABDULLAHIN GWANDU DA MAGANIN ZUCIYA

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, wajen shekarar 1766, watau Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. A hannun wan nasa ya yi yawancin karatunsa, sa'an nan ya ɗauki ilmi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru da waɗansu malamai. Ya tashi cikin ɗarikar Ƙadiriyya, inda ake horon almajiri da zikiri, da tafakkuri cikin halittar Ubangiji, da muraƙaba, wato mutum ya tattara hankalinsa wuri guda, yana sane da cewa Allah na ganinsa.

Da aka fara jihadi, yana cikin manyan da suka ja rundunar Shehu a Tabkin Kwatto cikin 1804. Amma nasara ta zo da tata jarrabawa. Ya ga waɗansu abokan tafiya sun karkata ga ganima da neman sarauta, abin ya dame shi ƙwarai, har wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano sai jama'a suka riƙe shi, ya zauna yana karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan shari'a da mulki. Daga nan ya koma gida.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko ɗaci. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali ga ƙanen Shehun, wanda ya yi masa waziri tun farkon al'amari. Malam Abdullahi ya zauna a Gwandu, zumunci ya yi sanyi, sai bayan 'yan shekaru, ran da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka sasanta, ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Wani ne da sai baƙin ciki ya cinye shi. Shi kuwa sai ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin mulki, ya fuskanci karantarwa da ibada da alƙalami. Littattafansa na wannan zamani sun karkata ga gyaran zuciya, kamar Maɗiyyatuz Zadi da Tahzibul Insani, wanda sunansa ke nufin tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Malaman wannan fanni sun ɗauki fushi da hassada da girman kai a kan cututtuka ne, maganinsu kuwa shi ne bawa ya keɓe wani lokaci kowace rana, ya natsu, ya ambaci Allah, ya binciki kansa. Bai kuma manta da jiki ba, gama ya wallafa Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addini da abin da ke gyara jiki.

Likitocin zamani sun tarar da wani yanki na wannan hikima. A 1975 Dokta Herbert Benson na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana cewa zama shiru ana maimaita kalma guda yana sassauta numfashi da bugun zuciya. Bincike na baya ya nuna irin wannan natsuwa tana rage damuwa, tana taimaka wa barci, ko da yake ba ta maye gurbin asibiti.

Wannan darasi ya shafi duk wanda tashin hankali ya taɓa, kamar mutanen Birnin Gwari, waɗanda mahara daga dajin Kamuku da na Kuyambana suka hana wa noma da barci shekara da shekaru. Ko ƙura ta lafa, firgita takan daɗe a ƙirji. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma, amma jinyar zuciya tana farawa daga zaman da mutum zai yi bayan sallar Asuba, da tasbaha a hannu da hankali wuri ɗaya.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu cikin 1829. Allah ya jiƙansa, ya ba jama'a lafiya da kwanciyar rai, amin.