Sidney Pressey, Malamin da Ya Ƙera Injin Gyara Kuskure

Duk wanda ya taɓa fita gwajin koyarwa a cikinmu ya san wahalar duba littattafan yara. Ka ba da lissafi ran Litinin, ka kwashi littattafai fiye da 40 ka kai ɗaki, ba za ka mayar da su ba sai ran Alhamis. Kafin nan yaron da ya yi kuskure ya riga ya maimaita shi sau da yawa, har ya zauna masa a ka. Ni kaina abin ya same ni a lokacin gwajina, na kwana uku ina koyar da sabon darasi, ashe rabin ajin ba su gane na baya ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin wani malami na ƙasar Amurka wanda wannan matsala ta dama, har ya ƙera mata inji.

Sunansa Sidney Pressey. An haife shi a Brooklyn, cikin birnin New York, a shekarar 1888. Ya yi karatu a Kwalejin Williams, sa'an nan ya wuce Jami'ar Harvard, inda ya sami digirin dakta a 1917 a kan ilmin halayyar ɗan Adam. Ya yi 'yan shekaru yana aiki a Jami'ar Indiana. A 1921 ya koma Jami'ar Jihar Ohio, can ya zauna yana koyarwa har ya yi ritaya a 1959.

A zamanin nan jarrabawa irin ta zaɓi ɗaya cikin amsoshi ta fara yaɗuwa a makarantun Amurka. Pressey ya lura malamai suna ɓata sa'o'i masu yawa wajen duba takardu, aikin da ba ya bukatar wani zurfin tunani. Ya kuma san abin da wani masani, Edward Thorndike, ya nuna, wato abin da mutum ya yi ya ga kyakkyawan sakamakonsa, shi ya fi kama masa. To, sai ya yi tunani, me zai hana a sami abin da zai duba amsa nan take, ya kuma gaya wa ɗalibi tun bai manta da tambayar ba?

Da sassan keken rubutu ya harhaɗa injinsa na fari, ya nuna shi a taron masanan halayyar ɗan Adam na Amurka a 1924. A 1926 ya buga bayaninsa a wata mujallar ilmi. Ga yadda yake aiki. Akwai 'yar taga inda tambaya take bayyana tare da amsoshi 4, a gefe kuma maɓallai 4. In jarrabawa ake yi, kowane maɓalli ɗalibi ya danna sai tambaya ta gaba ta fito, injin kuwa yana ƙirga waɗanda ya ci. Amma in aka ɗaga wani ɗan ƙarfe, sai ya zama injin koyarwa. Tambaya ba ta motsawa sai ɗalibi ya danna amsar da ke daidai. Wato ba shi da hanyar wucewa da kuskurensa. Har ya sa masa wani ɗan sashe mai sako alewa in yaro ya ci adadin da aka tsayar.

A 1929 wani kamfani na birnin Chicago, mai suna Welch, ya fara ƙera injin don sayarwa. Sai aka yi rashin sa'a, a shekarar ce tattalin arzikin Amurka ya karye. Makarantu suka rasa kuɗin biyan malamai, balle na sayen inji. Malamai da yawa ba su da aiki, saboda haka ba wanda ke marmarin abin da zai rage aikin malami. Kaɗan ƙwarai aka sayar. A 1932 Pressey ya sanar da cewa ya ajiye wannan aiki, ko da yake ya bar shi da fatan wasu za su ɗauka.

Duk da haka tunanin bai bar shi ba. A 1950 ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da wani abu mai sauƙi, ɗan allo mai ramuka da takarda a ciki. Ɗalibi ya soka fensir a ramin amsar da ya zaɓa. In daidai ce fensirin ya nutse, in ba daidai ba ya tsaya, sai ya sake gwadawa.

Ana nan, a 1953, wani masani na Harvard, B. F. Skinner, ya ziyarci ajin lissafin 'yarsa, ya ga yara suna aiki ba wanda ke gaya musu ko sun yi daidai. Shi ma ya ƙera nasa injin, aka yi ta yayinsa, ya kuma ambaci Pressey a matsayin wanda ya riga shi. Amma ra'ayinsu ya bambanta. Skinner yakan gutsuttsura darasi ƙanana-ƙanana don kada ɗalibi ya yi kuskure ko kaɗan. Pressey kuwa, a 1963, ya soki wannan hanya. A ganinsa yaro ya karanta littafi, ya saurari malami, ya fahimci darasi gaba ɗaya, sa'an nan inji ya taimake shi gano inda ya kauce. Mataimaki yake nema wa malami, ba magaji ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya mai da hankali ga binciken tsufa da kuma ilmin yara masu hazaƙa. A 1964 shi ne aka fara bai wa lambar yabo mai sunan Thorndike. Ya rasu a 1979 yana da shekara 90.

Yau a jami'o'i da yawa ana ba kowane ɗalibi 'yar na'ura mai maɓallai, ko ya yi amfani da wayarsa. Malami ya yi tambaya, kowa ya danna, nan take a ga yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa. Amfanin ya zama biyu ke nan: ɗalibi ya san matsayinsa, malami kuma ya san ko ya ci gaba ko ya koma baya.

To, 'yan'uwa, mafi yawanmu ba za mu tarar da irin waɗannan na'urori a makarantun da za a tura mu ba. Amma akwai allo da alli, akwai kwali. Yanka wa kowane yaro kati 4, ka rubuta 1 zuwa 4, ka yi tambaya, kowa ya ɗaga nasa lokaci ɗaya. Cikin minti guda za ka ga abin da dā sai ran Alhamis kake ganinsa. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Abin da Pressey ya yi shekaru yana nema ke nan, a gyara wa yaro kuskurensa tun tambayar tana gabansa.