Bawa Jan Gwarzo: Sarkin Gobir da aka yi wa hisabi a filin Idi

A Tsibirin Gobir, garin da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga birnin Maraɗi, da wuya a yi hawan salla ko naɗin sarauta makaɗan fada ba su ambaci Bawa Jan Gwarzo ba. Haka abin yake a Sabon Birni da ke Jihar Sakkwato, a ƙetaren iyaka. Abin da aka fi tuna shi da shi shi ne jarumtaka da yaƙi. Sai dai ranar da ta fi kowace nauyi a mulkinsa a filin Idi ta same shi, yana tsoho, lokacin da wani matashin malami ya ƙi karɓar zinariyarsa, ya nemi a sassauta wa talakawa.

Bawa ɗan Sarkin Gobir Babari ne. Kafin zamanin mahaifinsa, Gobirawa sun daɗe suna gangarowa kudu daga ƙasar Azbin, inda suka zauna a Birnin Lalle da ke yankin Dakoro a Jihar Maraɗi ta yau. Babari ne ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a shekarun 1760, ya mayar da Alƙalawa, a bakin gulbin Rima, babban birnin Gobir. Bayansa Ɗan Gudi ya yi sarauta, sannan ɗan'uwansa Bawa ya hau karaga a shekarun 1770.

Ƙasar da ya gada mai ƙarfi ce, amma ba ta zauna lafiya ba. Zamfarawa ba su manta an ƙwace musu ƙasa ba, ga kuma Katsina ta gabas, wadda ta daɗe tana gaba da Gobir. Bawa ya shafe mulkinsa a kan doki, kuma a zamaninsa ne ƙarfin Gobir ya kai ƙololuwa.

Yaƙi kuwa ba ya ciyar da kansa. Dawaki da lifidi da abincin dakaru, duk daga rumbun manomi da garken makiyayi suke fitowa. A littafin Kitabul Farƙ, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, an kawo sunayen waɗannan nauye-nauye da Hausa: jangali a kan shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari kuka. Akwai tawasa, wato naman da ake karɓa a hannun mahauta ranar kasuwa, da kamuwa, inda ake kama dabbar mutum ba da yardarsa ba, da gargaɗi, wato tilasta wa mutum fita yaƙi ko ya fanshi kansa da dukiya. Har dukiyar mamaci ana iya ƙwacewa. Gaskiya ne abokan hamayyar sarakunan ne suka rubuta wannan, kuma kan sarakunan Hausa gaba ɗaya suke magana. Duk da haka ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane wanda abin ya fi yi wa ciwo. Matashi mai ƙarfi na iya sake noma ko ya yi ƙaura. Tsohon da aka tafi da ɗansa yaƙi, ko matar da aka ƙwace gadon mijinta, ba su da inda za su dosa.

A wannan yanayi ne Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754 ya kuma tashi a Degel, ya fara wa'azi yana ɗan kimanin shekara 20. Jama'arsa ta yi ta ƙaruwa, musamman a Zamfara, inda mutane ke jin zafin mulkin Alƙalawa.

Wajen 1788, Bawa, wanda a lokacin ya haura shekara 70, ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Babbar Salla. Shehu ya halarta tare da ƙanensa Abdullahi. Kamar yadda aka saba, sarki ya raba wa malamai kyaututtuka, aka kuma ware wa Shehu miskali 500 na zinariya, wato sama da kilo 2. Shehu ya ƙi karɓa. A maimakon haka ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta duk mai sanye da rawani, a saki waɗanda ke tsare, sannan a daina ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu.

Bawa ya amince da dukkansu. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, na gidan sarautar Zamfara.

Uku daga cikin buƙatun sun shafi Shehu da almajiransa ne. Biyun ƙarshe kuwa na kowa ne, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, Bahaushe da Bafulatani. A nan ne nauyin ranar yake. Kyautar sarki ga malami ba sadaka ce kawai ba, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da Shehu ya ture zinariyar a bainar jama'a, sai ya sami bakin tambayar inda dukiyar ta fito. Shi kuma Bawa, mutumin da ake shakkarsa ko'ina a ƙasar Hausa, yana da ikon ɗaukar abin a matsayin raini. Bai yi hakan ba. Ana iya cewa siyasa ce ta sa, tunda Zamfara na tafasa, yaƙin Katsina na gabansa, kuma yana buƙatar addu'ar malamai. Ko da hakan ne, fursunonin sun koma gidajensu.

Matsalar ita ce, alkawarin Magami a bakin mutum ɗaya ya rataya, mutumin kuma tsoho ne. Ba da jimawa ba Katsinawa suka ci rundunar Gobir a Ɗankaishi, aka kashe ɗansa a fagen fama. Bawa ya rasu jim kaɗan bayan haka, wajen 1790, kuma masu ba da tarihi na danganta rasuwar da baƙin cikin wannan rashi.

Ƙanensa Yakuba ya gaje shi, shi ma ya mutu a fagen yaƙi. Da Nafata ya hau, sai ya warware abin da yayansa ya ƙulla: ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya umarci wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, ya kuma hana maza rawani, mata lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa abin ya kai ga takobi. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yunin shekarar, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa.

Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da fafatawa har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan wannan ne Mayaƙi ɗan Yakuba, ɗan ƙanen Bawa, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi da taimakon Sarkin Katsina Ɗan Mari. A can gidan sarautar Gobir na Nijar yake har yau.