Marigayi Dakta Cyril Clarke da Matsalar Wabi

Mu nan Suleja mun san matan da ake wa gorin wabi: ɗan fari ya rayu, na bayansa su zo da shawara, su koma. Wani lokaci ba jifa ba ne, jinin uwa ne ya saɓa da na jariri, yake yaƙarsa tun a ciki.

An haifi Cyril Clarke a Ingila a 1907. Likita ne a Libaful, amma fa kiwon malam-buɗe-littafi yake a gida! Daga binciken yadda suke gadon launi ya faɗa binciken gadon jini. A 1961 shi da Ronald Finn da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da ya kai ga allurar anti-D. Ana yi wa mai jego ita cikin kwana 3 da haihuwa, ta kare cikin gaba. Ya rasu a 2000.