Ed Wood: Daraktan da fim ɗinsa mafi lalacewa ya raya sunansa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kallon bidiyo a Gazawa ko Gidan Rumji ya san ihun da ƴan kallo ke yi idan asirin fim ya tonu, aka hango dodon na roba ne. A Amurka akwai daraktan da irin wannan ihun ya zama duk gadon da ya bari.

An haifi Edward Davis Wood Jr. ranar 10 ga Oktoban 1924 a garin Poughkeepsie da ke jihar New York. Ya shiga rundunar sojin ruwa a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan ya fito ya nufi Hollywood a 1947, ba jari ba uban gida.

A can ya haɗu da Bela Lugosi, ɗan asalin Hungary da ya razana duniya a fim ɗin Dracula na 1931. A lokacin tauraronsa ya dushe, tsufa ya zo, ga jarabar maganin kashe zafi. Manyan kamfanoni sun juya masa baya, Wood ne ya riƙa ba shi aiki, a Glen or Glenda na 1953 da Bride of the Monster na 1955.

Lugosi ya mutu a Agustan 1956, ya bar wa Wood ƴan hotunan da suka ɗauka ba tare da wani tsayayyen labari ba. Wood ya ƙi yar da su. Ya cusa su cikin sabon fim mai suna Plan 9 from Outer Space, labarin wasu halittu daga wata duniya da ke tayar da gawawwaki daga kaburbura don hana ɗan Adam ƙera makamin da zai hallaka komai.

Kuɗin aikin, kusan dala 60,000, wasu mabiya cocin Baptist na Beverly Hills ne suka zuba, har sai da aka yi wa wasu ƴan wasan baftisma. Sauran fitowar Lugosi kuwa aka bai wa Tom Mason, mai gyaran ƙashin baya da ke duba matar Wood. Mutumin ya fi mamacin tsawo, ba su yi kama ko kaɗan ba, don haka ya yi ta yawo a fim ɗin da alkyabba rufe da rabin fuskarsa. Jiragen baƙin kayan wasan yara ne da ke lilo a jikin zare. Alamomin kaburburan na kwali ne, ana gogarsu suna rangaji. A fitowa guda sai dare ya koma rana, ya sake komawa dare. Abin da ya fi ban tausayi shi ne Wood bai ɗauki ko ɗaya a matsayin wasa ba, da gaske yake son ya tsorata mutane.

Fim ɗin ya shiga gidajen sinima a ƙarshen shekarun 1950, ya wuce ba wanda ya kula. Daga nan Wood ya gangara zuwa rubuta ƙananan littattafai da fina-finan batsa don ya ci abinci, giya kuma ta ci ƙarfinsa. A Disambar 1978 aka kore shi da matarsa Kathy daga gidan haya. Bayan ƴan kwanaki, ranar 10 ga watan, zuciyarsa ta buga a gidan wani abokinsa, yana da shekara 54.

A 1980 littafin The Golden Turkey Awards na Harry da Michael Medved ya ayyana shi darakta mafi muni, Plan 9 kuma fim mafi muni a tarihi. Wannan tozarcin ne ya sa jama'a suka fara neman fim ɗin don su sha dariya. A 1994 Tim Burton ya shirya fim kan rayuwarsa, Johnny Depp ya fito a matsayin Wood. Martin Landau, wanda ya fito a matsayin Lugosi, ya lashe kyautar Oscar, wadda Lugosi na ainihi ko takararta bai taɓa shiga ba.