Grace Hopper: Malamar lissafin da ta koya wa kwamfuta kiran aikin da aka riga aka gama

Akasarin masu rubuta manhajar kwamfuta a yau ba sa fara komai daga tushe. Mutum zai rubuta 'yan layuka da harshe mai sauƙi kamar Python, layukan kuma su kira wani aiki da gwanaye suka daɗe da rubutawa, aka juya shi zuwa harshen na'ura aka adana. Aikin ya gudana, amsa ta dawo.

Abin ya zama ruwan dare har ba a lura da shi. Amma a 1952, lokacin da Grace Hopper ta nuna cewa kwamfuta za ta iya ɗauko irin waɗannan ajiyayyun ayyuka da kanta ta harhaɗa su, abokan sana'arta da dama sun ƙi amfani da abin da ta ƙera. A ganinsu kwamfuta lissafi kawai ta iya, rubuta manhaja kuwa aikin ɗan'adam ne.

Daga aji zuwa barikin soja

An haifi Grace Brewster Murray ranar 9 ga Disamban 1906 a birnin New York na Amurka. Ta yi digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks a Kwalejin Vassar a 1928, ta wuce Jami'ar Yale inda ta kammala digirin digirgir a lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kaiwa wannan mataki ba su taka kara sun karya ba. Sunan Hopper na mijinta ne, Vincent Hopper, wanda ta aura a 1930. Sun rabu a 1945, amma ta ci gaba da amsa sunan har ƙarshen rayuwarta.

Tana koyarwa a Vassar Yaƙin Duniya na Biyu ya riski Amurka. Ta nemi shiga rundunar sojan ruwa aka ƙi ɗaukarta: an ce shekarunta sun ja, nauyinta na kimanin kilo 48 bai kai ƙa'ida ba, kuma ƙasa ta fi buƙatarta a aji. Ta nace har aka yi mata sassauci, aka rantsar da ita a sashen mata na rundunar ko-ta-kwana a Disamban 1943. Ita ta zo ta ɗaya a ajin horonsu.

A tsakiyar 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Howard Aiken, don ta yi aiki da wata na'urar lissafi mai suna Mark I. Tsawon na'urar ya kusa mita 16, nauyinta ya haura tan huɗu, amma ninka lamba da lamba sau ɗaya kan ɗauke ta kimanin daƙiƙa shida. Ana ba ta umarni ne da doguwar takarda mai huji-huji. Hopper ce ta rubuta mafi yawan littafin koyon sarrafa ta, wanda ya fito a 1946.

A nan ta fara ganin matsalar da za ta zama aikin rayuwarta. Ita da abokan aikinta irin su Richard Bloch suna da litattafan da suke rubuta guntayen umarnin da suka gwada suka ga suna aiki. Mai buƙatar wani lissafi da ake yawan maimaitawa sai ya ari littafin ɗan'uwansa ya kwafa da hannu. Kwafar hannu kuwa ba ta rabuwa da kuskure.

Shahararren labarin nan na ƙwaron da aka samu ya maƙale a cikin na'urar Mark II ranar 9 ga Satumban 1947, aka manna shi a littafin aiki, daga wannan ɗakin ya fito. Hopper ta yi ta ba da labarin har ya bi duniya, ko da yake injiniyoyi sun daɗe suna kiran tangarɗar na'ura da sunan ƙwaro tun kafin lokacin.

Kowane aiki da lambarsa

A 1949 ta koma kamfanin Eckert-Mauchly da ke Filadelfiya, masu ƙera kwamfutar UNIVAC I. Shekara ce mai wuya gare ta. Kurt Beyer, wanda ya rubuta tarihinta a 2009, ya nuna cewa shan giya ya yi mata katutu a lokacin, har 'yan sanda suka taɓa kama ta a ƙarshen shekarar. Kamfanin ma yana fama da rashin kuɗi, sai da Remington Rand ya saye shi a 1950. A cikin wannan hali ta yi aikin da aka fi tunawa da ita a kansa.

UNIVAC I tana da gurabe 1,000 ne kacal a ƙwaƙwalwarta, kowane gurbi da lambarsa. Guntun umarnin da aka ajiye yakan ambaci lambobin gurabe kamar daga gurbi na farko zai fara. Idan za a saka shi a tsakiyar wata manhaja, dole mai rubutu ya zauna ya ƙara adadin da ya dace a kan kowace lamba, ɗaya bayan ɗaya. Lamba guda ta kuskure, aikin yini ya tashi a banza, ga shi lokacin na'urar tsada ne da shi.

Hopper ta lura cewa kwafa da tarawa su ne abubuwa biyu da mutum ya fi yin kuskure a kansu, kuma su ne na'ura ta fi gwanancewa a kai. Sai ta tattara guntayen ayyukan da aka tabbatar da ingancinsu, ta zuba su a faifai mai zare irin na kaset, ta ba kowanne lambar kira. Mai rubutu zai jera lambobin ayyukan da yake so tare da bayanan da za a ba kowanne. Wata manhaja ta musamman za ta nemo su a faifan, ta gyara lambobin gurabensu, ta ɗinke su wuri guda.

Wannan manhaja ita ce A-0. Hopper ta kira ta kompaila, wato mai harhaɗawa, ta kuma bayyana ta a wani taron masana a Pittsburgh a watan Mayun 1952.

Misalin abin bai da nisa. Uwargida a Yasore ko Safana da ta aika yaro injin niƙa ba ta buƙatar sanin yadda haƙoran injin suke juyawa. Abin da ke kanta shi ne ta san injin da za a je, ta auna tiya nawa, ta faɗi ko gari take so ko ɓarza, sannan ta ba da kwanon da za a zubo mata. Rumbun ayyuka haka yake: ka san sunan aikin, ka miƙa masa abin da yake karɓa, ka tanadi inda amsa za ta sauka.

Dabarar ajiye guntayen ayyuka ba daga kanta ta fara ba. A Jami'ar Cambridge ta Ingila, Maurice Wilkes da David Wheeler da Stanley Gill sun wallafa littafi a 1951 kan rumbun ayyukan kwamfutarsu EDSAC, kuma Wheeler ne ya tsara yadda manhaja za ta tsallaka cikin wani aiki ta dawo daidai inda ta tsaya. A ofishinsu ma abokiyar aikinta Betty Holberton ta riga ta rubuta manhajar da ke haifar da wata manhajar jera bayanai, Hopper kuma ba ta ɓoye cewa ta ƙaru da ita ba. Masu kiran A-0 kompaila ta farko a duniya suna ɗan zuzutawa. A ma'aunin yau ta fi kama da manhajar da ke haɗa guntaye ta loda su. Sai dai wannan haɗin shi ne ainihin abin da ake magana a kai, kuma ita ce ta fito fili ta yi yaƙin ganin an karɓe shi.

Masu adawa da ita ba duka ne masu taurin kai ba. Manhajar da na'ura ta harhaɗa ta fi ta gwani jan ƙafa wajen gudu, a lokacin da kowace sa'ar kwamfuta kuɗi ce mai yawa. Akwai kuma fargabar gwanayen cewa sana'ar da suka sha wuya kafin su iya za ta zama ta kowa. Amsar Hopper ita ce lissafin bai cika ba sai an saka makonnin da mutum ke ɓatawa yana rubutu da gyara. Da A-2 ta fito a 1953, an raba wa masu amfani da UNIVAC ita har da rubutunta na asali, aka nemi su aiko da gyare-gyarensu.

Daga nan ta matsa gaba, ta ce ma'aikacin banki ko na inshora bai kamata sai ya zama masanin lissafi kafin ya umarci kwamfuta ba. Tawagarta ta ƙera FLOW-MATIC, harshen da ake rubutawa da kalmomin Turanci na yau da kullum. Shi ne ya fi tasiri a kan COBOL, wanda wani kwamiti ya tsara bayan taron da aka yi a ma'aikatar tsaron Amurka a Mayun 1959. Hopper mai ba da shawara ce, ba ta cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idojin harshen, kuma Jean Sammet da ke cikinsu ta daɗe tana gyara wa masu cewa Hopper ce ta ƙirƙire shi. A Disamban 1960 aka gudanar da manhajar COBOL guda a kan kwamfutocin kamfanoni biyu, UNIVAC da RCA. Har gobe manyan bankuna da hukumomi na amfani da harshen.

Yadda aka raba gardamar

Jayayyar sauƙi da sauri ba ta mutu ba, raba aiki aka yi. Harsuna irin su Python ana bin su ne layi-layi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta, shi ya sa suke da daɗin rubutu amma suke da nawa. Harsuna irin su Fortran na 1957 da C, wanda Dennis Ritchie ya ƙera a farkon shekarun 1970, ana juya su gaba ɗaya zuwa harshen na'ura tun kafin a gudanar da su. Sai aka bar tsara aiki ga harshe mai sauƙi, aka bar ɗaukar kaya mai nauyi ga rumbun da aka riga aka juya.

Tun 2006 Python ke zuwa da wani sashe mai suna ctypes don wannan aiki. Mai rubutu zai buɗe rumbun, ya ambaci sunan aikin, ya fayyace irin bayanan da aikin ke karɓa da irin amsar da yake mayarwa. A nan haɗarin yake. Aikin da ke cikin harshen na'ura ba ya tambaya. Idan yana jiran lambar gurbi aka miƙa masa wata lamba daban, zai je ya taɓa inda bai kamata ba, manhajar ta mutu nan take, ko kuma, mafi muni, ta ci gaba da ba da amsar ƙarya. Kamar a kai jiƙaƙƙen wake injin gari ne. Kuskuren lambar gurbi da ya dami Hopper bai ɓace ba, ya koma bakin iyakar harsunan biyu ne.

Wayar hannu ma da haka take aiki. Manhajojin Android da dama an rubuta fuskarsu da Java ko Kotlin, amma ajiyar bayanansu na hannun SQLite, wanda aka rubuta da C. Saƙon murya na WhatsApp ana matse shi ne da tsarin Opus, wanda rumbunsa na asali shi ma da C aka rubuta.

Sojar da ritaya ta kasa riƙewa

Rundunar sojan ruwa ta yi mata ritaya a ƙarshen 1966. Bayan 'yan watanni, a Agustan 1967, aka sake kiranta don ta daidaita harsunan kwamfutocin rundunar. Aikin wata shida aka ce, ya zama na shekaru. An sake sallamarta a 1971, aka sake dawo da ita a 1972.

A waɗannan shekaru ta zama mai yawon lacca. Takan raba wa masu sauraro guntayen waya masu tsawon kimanin santimita 30, wato iyakar nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don manyan hafsoshi su gane dalilin da ya sa saƙon tauraron ɗan'adam ke ɗaukar lokaci, masu rubuta manhaja kuma su ji nauyin ɓata lokacin na'ura. A ofishinta akwai agogon bango da ke juyawa ta baya, tsokana ga masu cewa yadda aka saba yi shi ne kaɗai daidai.

A 1969 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai ta ba ta lambar yabon da aka raɗa wa suna Namijin Shekara, ita ce kuma ta fara karɓa. Ta kai muƙamin riya admiral a 1985, ta yi ritayar ƙarshe a Agustan 1986 tana da shekara 79, sannan ta kama aikin ba da shawara a kamfanin Digital Equipment Corporation.

Ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Python bai cika shekara guda da fitowa ba a lokacin, domin a Fabrairun 1991 Guido van Rossum ya sake shi. A Fabrairun 1992 kuma aka fitar da LAPACK, rumbun lissafi da aka rubuta da Fortran, wanda masu nazarin alƙaluma da Python ke kira har yanzu, da yawansu ba tare da sun taɓa ganin layi ɗaya na cikinsa ba.

An sa sunanta a wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka, Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2016, Jami'ar Yale kuma ta sauya wa ɗaya daga cikin kwalejojinta suna zuwa nata a 2017. A 2022 kamfanin Nvidia ya raɗa wa sabon tsarin na'urorinsa suna Hopper. A kan irin waɗannan na'urori ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, galibi da umarnin Python da ke kiran rumbunan da aka rubuta da C++.