Alba Kalmet: Mutumin da Ya Bar Mana Lamba a Damtse

Gabatarwa

Idan mai karatu ya naɗe hannun rigarsa ya dubi damtsensa na hagu, akwai yiwuwar ya ga wani ɗan tabo kewayayye. Ni dai ina da shi, haka ma kusan duk sa'o'ina da muka tashi tare a Dutse Uku cikin garin Jos. Iyayenmu kan kira shi lamba, kalmar da tun zamanin rigakafin agana Bahaushe ya ara ya ba ta wannan ma'ana. A katin asibiti kuwa haruffa uku ake rubutawa, BCG. Harafin farko yana nufin ƙwayar cuta mai siffar sanda, sauran biyun kuma sunayen mutane ne. Wannan maƙala za ta bibiyi rayuwar mai harafin tsakiya, Alba Kalmet, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Calmette.

Haihuwarsa da Yawace-yawacensa

An haifi Kalmet a birnin Nis na ƙasar Faransa ranar 12 ga Yuli, 1863. Ya yi karatun likitanci a ƙarƙashin rundunar sojan ruwa, aikin da ya kai shi Hon Kon, sannan Gabon a 1886, inda ya ga ɓarnar zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci. A 1890 ya shiga Cibiyar Fasto da ke Faris, shekara guda bayan haka aka tura shi Saigon, a ƙasar Biyetnam ta yau, ya buɗe reshen cibiyar. A can ya riƙa samar da ruwan lambar agana daga jikin 'yan maruƙan ɓauna, ya kuma soma binciken dafin gamsheƙa. Wannan bincike shi ya haifar da makarin dafin maciji da ake samu daga jinin doki, wanda har yau a kan tafarkinsa ake tafiya. Da a nan ya tsaya ma, da ya isa a tuna da shi.

Dankali da Ruwan Matsarmama

A 1895 aka ba shi shugabancin sabuwar Cibiyar Fasto a Lil, garin masaƙu da ma'aikata matalauta, inda tarin fuka ke ɗibar mutane ba ƙaƙƙautawa. Bajamushe Robat Kok ya riga ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma ba magani, ba rigakafi. A 1901 Kalmet ya buɗe ɗakin shan magani na masu wannan ciwo, inda ake gwada kakinsu, a wanke musu tufafi, a taimaka musu da abinci. A Lil ɗin ne kuma ya haɗu da abokin aikinsa, likitan dabbobi Kamil Geran, mai harafin ƙarshe.

Ƙwayar da suka yi aiki da ita ba ta mutum ba ce, ta shanu ce, an samo ta daga hantsar wata saniya mai ciwon. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu a Filato, domin shanunmu ma suna kamuwa, kuma mutum kan ɗauka ta nonon da ba a dafa ba. Irin waɗannan cututtuka na dabbobi ne aikin cibiyar Vom da aka kafa kusa da mu a 1924. Matsalar da suka fara cin karo da ita ƙarama ce: ƙwayoyin kan dunƙule wuri guda, su ƙi rabuwa. Sai suka zuba ruwan matsarmamar sa a kan yankakken dankalin Turawa da suke renon ƙwayar a kai. Dunƙulewa ta ragu, amma sai suka lura da abin da ba shi suka fita nema ba, wato ƙarfin ƙwayar yana raguwa. Daga 1908 suka shiga dashe, duk bayan mako uku a ɗebo daga tsohon dankali a shafa wa sabo. Sun yi haka sau 230 cikin shekara 13. Duk lokacin da na bi ta kasuwar Farin Gada na ga buhunan dankali, nakan yi mamakin yadda abin soyawa da ƙwai ya shiga tarihin likitanci.

Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1914 aka harbe yayansa Gaston, editan jaridar Le Figaro, a ofishinsa. A wannan shekarar Jamusawa suka mamaye Lil, dankali ya yi tsada, matsarmama ta yi wuyar samu, daga baya ma aka tafi da matar Kalmet Jamus a matsayin garkuwa. Duk da haka dashen bai tsaya ba.

Me Ke Faruwa a Cikin Huhu?

Domin a gane darajar aikin, sai an san yadda jiki ke karɓar wannan baƙo. Idan mai ciwo ya yi tari, wani ya shaƙa, ƙwayar kan sauka can ƙuryar huhu. A nan akwai wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki da masana ke kira makrofaj, ma'ana babban maciyi, ni kuwa na fi son in kira su mahaɗiya. Aikinsu su haɗiye baƙo su narkar da shi. To, amma ƙwayar tarin fuka tana da kauri da wayo. Takan hana jakar da aka kulle ta a ciki haɗuwa da jakar ruwan narkarwa, sai ta mayar da cikin mahaɗiyin ɗakin kwana, har ta hayayyafa.

Wasu ƙwayoyin garkuwar sukan ɗauki guntunta su kai wa kaluluwa, inda ake horar da ƙwayoyin da ake kira T. Wannan saƙo kan ɗauki makonni, kuma jinkirin shi ne ribar cutar. Idan ƙwayoyin T suka iso, sai su saki wani sinadari da ke zaburar da mahaɗiya, a taru a yi wa cutar ƙawanya, a gina mata ɗan kurkuku. A jikin yawancin mutane a nan maganar ke tsayawa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon kan bayyana gare su a tsawon rayuwa. Ganuwar kan rushe ne idan yunwa, ko ciwon suga, ko tsufa suka raunana jiki. Cutar ƙanjamau kuwa waɗannan ƙwayoyin T ɗin take kashewa, shi ya sa ita da tarin fuka suke tafiya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Abin da BCG ke yi shi ne gabatar wa jikin jariri da raunanan abokin gaba mai rai, domin a yi horon tun kafin na gaske ya zo. Ɗan ƙurjin da ke fitowa bayan allura, ya fashe, ya warke, ya bar lamba, shaidar wannan artabu ce. Kalmet bai san dalilin raunin ƙwayarsa ba. Sai a 1996 masana suka gano cewa a cikin dashe-dashen nan wani yanki na ƙwayoyin gadonta ya ɓace, yankin da take amfani da shi wajen fasa kurkukun mahaɗiya.

A ganina bai dace a yi wa allurar yabon da ya wuce kima ba. Tana kare ƙananan yara sosai daga sanƙarau na tarin fuka da nau'in da ke watsuwa cikin jini, tana kuma ba da wata kariya daga kuturta. Amma a huhun manya kariyarta ba ta da tabbas: gwajin da aka yi a Ingila ya nuna nasara babba, wanda aka fara a kudancin Indiya a 1968 kuwa bai nuna komai ba. Saboda haka mai lamba a damtse, idan tari ya wuce mako biyu, asibiti ya kamata ya nufa.

Jaririn Farko da Musibar Lubek

A Yulin 1921 aka ba wani jariri BCG ta baki a wani asibiti a Faris. Mahaifiyarsa ta rasu da tarin fuka jim kaɗan bayan haihuwa, kakar da za ta rene shi ita ma tana ɗauke da ciwon. Yaron ya tashi lafiya. A shekarun da suka biyo baya aka gwada ta a kan birai a Kindiya ta ƙasar Gini, aka kuma raba irin ƙwayar kyauta ga ƙasashe da dama.

Sai ga 1930. A birnin Lubek na Jamus aka ba jarirai 251 rigakafin, 72 daga cikinsu suka mutu da tarin fuka. Jaridu suka yi ca a kan Kalmet, a lokacin da gabar Faransa da Jamus ba ta huce ba, aka ce ƙwayarsa ce ta koma ga halinta na asali. Bincike ya nuna ba haka ba ne: a ɗakin gwajin Lubek aka gauraya ta da wata ƙwaya mai kisa da ake ajiye da ita a wuri guda. A 1932 kotu ta ɗaure likitoci biyu na garin, ta kuma wanke BCG. Amma zargin ya riga ya ci jikin dattijon. Ya rasu a Faris ranar 29 ga Oktoba, 1933, yana da shekara 70, tun kafin a shawo kan tsoron da abin ya jefa a zukatan iyaye. Geran ne ya ci gaba da kula da dashen, shi ne kuma ya ga lokacin da aka yi wa miliyoyin yara allurar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin rasuwarsa a 1961.